RAHOTON MUSAMMAN: Yadda kwamfutocin da ba sa aikin komai ke shanye wuta da man janareta a Jimeta

Da tsakar dare, bayan an kulle shaguna da ofisoshi a unguwar Ajiya da sauran unguwannin tsakiyar Jimeta, akwai ƙarar da ba ta yankewa a duk ɗakin da aka girke sabar, wato ƙugin ƙananan fankokin da ke hura iska a cikin na'urar. A wannan lokaci ma'aikata sun daɗe da tashi. Babu mai shigar da sunan majinyaci, babu mai duba sakamakon ɗalibi, babu mai lissafin cinikin rana. Bisa ƙa'ida, ya kamata na'urar ta lafa, fankokinta su sassauta, wutar da take ja ta ragu. Sai dai sau da yawa ba haka ake wayar gari a tarar ba. Ɗakin ya ɗau zafi, batiran sola sun yi ƙasa tun kafin asuba, allon sa ido kuma yana nuna cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafin na'urar, ta kwana tana aiki.

Idan mai kula da na'urar ya leƙa ƙananan kwamfutocin da ke zaune a cikin sabar ɗaya bayan ɗaya, kowace za ta shaida masa cewa hutawa take yi, aikinta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Ita kuwa sabar da ke ɗauke da su sai ta ce kowaccensu na cin kashi 20 ko fiye. Wannan saɓani tsohuwar matsala ce da masu kula da sabar suka sani a ko'ina cikin duniya. A ƙasashen da wuta ke da araha kuma ba ta ɗaukewa, akan ɗauke shi a matsayin ƙaramin abin haushi. A Yola da Jimeta kuwa, inda ake sayen wuta da tsada daga mita, ko daga galan ɗin dizal, ko daga batir, kuɗi ne ke zurarewa dare da rana ba tare da kowa ya ga ƙofar fitarsu ba.

Baƙi da mai masauki

Sabar babbar kwamfuta ce da ake bari a kunne domin ta yi wa wasu kwamfutoci hidima. Ita ke riƙe da bayanan asibiti, rajistar makaranta, lissafin kanti ko tambayoyin jarrabawa. A da, kowane irin aiki da tasa sabar. Yanzu kuwa akwai manhajar da ke rarraba na'ura ɗaya ta zama kamar kwamfutoci biyar ko goma, kowace da nata Windows ko Linux, kowace tana zaton ita kaɗai ce a gidan. Masu wannan sana'a suna kiran ainihin na'urar mai masauki, kwamfutocin da ke cikinta kuma baƙi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya soma ta a manyan na'urorinsa tun a shekarun 1960, ya kuma fitar da tsarin VM/370 a 1972. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ya kawo ta ga kwamfutocin da kowa ke iya saye. A 2003 Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fito da Xen. A 2005 da 2006 kamfanonin Intel da AMD suka gina tallafin wannan aiki a cikin furosesocinsu. A 2007 aka shigar da KVM cikin Linux, sannan a 2008 Microsoft ya fitar da Hyper-V, a shekarar da wani kamfani na birnin Biyana a Ostiriya ya fitar da Proxmox, wadda ake samu kyauta. Tun bayan da Broadcom ya saye VMware a Nuwamban 2023 ya kuma sauya tsarin biyan lasisi, ƙananan cibiyoyi da dama a duniya sun karkata ga Proxmox da makamantanta.

Ribar tsarin a fili take ga garin da ke da Jami'ar Amurka ta Najeriya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, ga kuma Jami'ar Modibbo Adama a Girei, waɗanda ke yaye matasa masu ilimin kwamfuta kowace shekara. Matashin da ya samu tsohuwar Dell PowerEdge ko HP ProLiant ta gwanjo daga kasuwar kwamfutoci ta Ikeja zai iya ɗora wa na'ura ɗaya aikin da a da sai na'urori biyar. Sai dai ribar tana tabbata ne idan baƙin da ba su da aiki sun yi barci na gaskiya.

Abin da wat ɗari ke ci a shekara

A 2007 wasu injiniyoyin Google biyu, Luiz Barroso da Urs Hölzle, sun wallafa wata maƙala da ta nuna cewa sabar ta wancan zamani, ko ba ta aikin komai, tana shan kusan rabin wutar da take sha idan an ɗora mata cikakken kaya. Sababbin na'urori sun fi haka tattali, domin furosesa tana da matakan barci daban-daban, daga gyangyaɗi zuwa barci mai nauyi, kuma gwargwadon nisan barcinta gwargwadon ragin wutar da take ja. Baƙon da ke yawan tashin ta yana hana ta kai wa ga barci mai nauyi, ko da aikin da ya sa ta bai taka kara ya karya ba.

A ƙaddara wata cibiya a Ajiya tana da sabar da ke shan wat 100 fiye da yadda ya kamata. A awa 24 kilowat-awa 2.4 ke nan, a shekara kuma yunit 876. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, daga bisani ya daidaita a wajen Naira 209. A kan wannan farashi, wat 100 na banza ya haura Naira 180,000 a shekara, ba a ma sa wutar na'urar sanyaya ɗaki da za ta kwashe zafin da ya haifar ba.

Idan da janareta ake aiki, lissafin ya fi muni. Lita ɗaya ta dizal tana bayar da wajen yunit 3 na wuta a ƙaramin janareta, saboda haka yunit 876 na buƙatar kusan lita 290. Idan kuwa da sola ake kwana, batir mai ƙarfin bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da yunit 2.4, kuma masu gyara suna ba da shawarar kada a zuƙe fiye da rabinsa idan irin na dalma ne, domin ya yi ƙarko. Wato wat 100 cikin awa 12 na dare yana shanye duk abin da batir guda zai iya bayarwa.

Mutanen Yola sun san darajar batir guda. A ƙarshen Afrilun 2024 ɓata-gari sun lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, wanda ta kansa wuta ke isowa Yola da Jalingo, aka shafe makonni cikin duhu a tsakiyar bazara. A watan Oktoban shekarar kuma akasarin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta. A irin waɗannan ranaku, bambancin sabar da ta kai asuba da wadda ta mutu da ƙarfe uku na dare yana iya zama wannan wat 100. Kuma sabar da wuta ta yanke mata farat ɗaya tana cikin rubuta bayanai kan tashi da rumbun bayanai a lalace.

A ji ta bakin kowa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Mataki na farko shi ne a tabbatar akwai tsamin, domin alƙaluman kansu suna ruɗarwa. Manhajar top ta Linux tana ƙirga kashi 100 ne a kan kowace ƙwayar aiki guda ta furosesa. Idan sabar na da ƙwayoyi 32, baƙon da aka ga yana cin kashi 100 ya kama ƙwaya ɗaya ce tak, wato kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfin na'urar. Windows kuwa takan nuna jimillar duka ƙwayoyin a matsayin kashi 100. Wanda bai lura da wannan ba zai kwana yana neman ciwon da babu shi, ko ya raina wanda ke akwai.

Bayan haka sai a auna wurare uku a lokaci guda, a rubuta a takarda. Na farko abin da baƙo ke faɗa game da kansa, na biyu abin da mai masauki ke faɗa game da baƙon, na uku wutar da na'urar ke ja. Yawancin sabar Dell suna da iDRAC, na HP kuma iLO, waɗanda ke nuna yawan wat ɗin da ake sha. Inda babu su, ƙaramar mitar da ake sakawa a soket ko allon inbata sun wadatar. Daga nan sai a riƙa kashe baƙi ɗaya bayan ɗaya a lokacin da babu aiki, ana duba yadda alƙaluman ke sauka. Cikin awa guda za a san wanda ya fi ci.

Sakamakon awon ne ke nuna hanyar da za a bi. Idan baƙo da mai masauki duk sun yarda ana aiki, to laifin na cikin baƙon. Idan baƙo ya ce yana hutawa amma mai masauki ya ce yana wahala da shi, laifin na tsakaninsu. Idan kuwa an kashe baƙi duka amma na'urar ba ta lafa ba, mai masaukin ne ke da matsala.

Baƙon da ba barci yake yi ba

Mafi sauƙin ganewa shi ne baƙon da ake zaton yana hutawa alhali yana kai-kawo. Windows tana amfani da lokacin da babu kowa a kanta wajen neman sabuntawa, binciken ƙwayoyin cuta da jera fayiloli domin saurin nema. Inda intanet ke yankewa, sabuntawar kan kasa kammaluwa, ta sake farawa, ta sake kasawa, har tsawon kwanaki. Idan baƙi biyar suka soma binciken cuta a sa'a ɗaya, sabar za ta yi nishi kamar ranar kasuwa. Maganin shi ne a raba musu lokuta, a kashe jera fayiloli a kwamfutar da ba a nema a cikinta, a kuma kammala sabuntawa da hannu lokacin da intanet ke da ƙarfi.

Akwai kuma wanda ya fi wannan hatsari. Masu kutse suna yawo a intanet suna neman sabar da aka bari da kalmar sirri mai rauni ko tsohuwar manhaja, su dasa mata manhajar haƙar kuɗin kirifto, galibi XMRig mai haƙo Monero. Mai na'ura ke biyan wuta, su suna kwashe riba. Wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji sukan dakata da zarar an buɗe allon duba ayyuka na Windows, su ci gaba idan an rufe, shi ya sa baƙon zai rantse yana hutawa. Mai masauki ne kaɗai ba za su iya ruɗa ba. Alamarsu ita ce ƙwayoyin aiki su cika fal babu hawa babu sauka, tare da wata haɗuwa da ba ta yankewa zuwa wani adireshi na waje.

Bayan da aka gano raunin Log4j a Disamban 2021, an yi amfani da shi wajen dasa irin waɗannan manhajoji a sabar masu yawa. A Fabrairun 2023 kuma harin da aka yi wa laƙabi da ESXiArgs ya kulle dubban sabar VMware da ba a sabunta ba, aka nemi kuɗin fansa. Ƙofar da mai haƙar kirifto ya shigo ta ita ce mai neman fansa zai bi. Ga asibiti ko makarantar da ke riƙe da bayanan jama'a, lamarin ya shafi doka, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanai alhakin tsare su. Baƙon da aka samu da irin wannan cuta ba a yi masa kwaskwarima. Ana sake gina shi ne daga tushe, a canza duk kalmomin sirri.

Baƙon da ake hana wa barci

Matsalar da ta fi ɗaure kai ita ce ta tsakanin baƙo da mai masauki. Idan Windows ko Linux ba su da aiki, sukan aika wa furosesa wani umarni mai suna HLT, ma'ana ta dakata sai an kira ta. A cikin baƙo, wannan umarni yana mayar da ragama hannun mai masauki, shi kuma ya bai wa wani baƙon ƙwayar aikin ko ya bar ta ta yi barci. Duk lokacin da wani abu ya tashi baƙon, sai mai masauki ya miƙe, ya shirya masa wuri, ya mayar masa da ragama. Kowane irin wannan fita da shiga ɗan ƙanƙanin lokaci yake ci, amma idan ya kai dubbai a daƙiƙa guda sai ya taru. Baƙon ba ya sa shi a lissafinsa, domin a wajen ɗakinsa aka yi wahalar. Kamar baƙon da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa dare farai ne, mai gida ke tashi yana buɗewa, da safe baƙon ya ce ai shi bai yi aikin komai ba. Tun bayan gano raunin Spectre da Meltdown a Janairun 2018, matakan kariyar da aka ƙara sun sa kowace fita ta ƙara tsada, musamman a tsofaffin furosesoci irin waɗanda ke cikin na'urorin gwanjo.

Babban mai ƙwanƙwasa ƙofar shi ne agogo. Windows tana farkawa sau 64 a daƙiƙa bisa al'ada, amma wasu manhajoji sukan nemi a mayar da shi sau 1,000. Tsofaffin Linux ma sau 1,000 suke farkawa, kafin a kawo tsarin da ke barin su su yi shiru idan babu aiki a 2007. Lokacin da Microsoft ya fitar da sabuntawar Windows 10 mai lamba 1803 a 2018, masu amfani da KVM sun ga baƙinsu marasa aiki sun soma cin furosesa fiye da da. Maganin da aka gano shi ne kunna wasu saituna biyu, hv_synic da hv_stimer, waɗanda ke bai wa Windows agogo mai sauƙin ɗauka irin wanda take samu a Hyper-V. Proxmox tana kunna su da kanta idan an gaya mata ainihin nau'in Windows ɗin da ke cikin baƙon. Wanda ya yi gaggawa wajen ƙirƙirar baƙo ya zaɓi nau'in da ba daidai ba ya hana kansa wannan sauƙi.

Na biyu shi ne kayan aikin da mai masauki ke kwaikwaya. Baƙo ba shi da linzami ko katin sadarwa ko faifan ajiya na zahiri, manhaja ce ke yi masa shigarsu. Domin linzami ya tafi daidai a allon nesa, akan maƙala wa baƙo wani allon taɓawa na USB na kwaikwayo, wanda ake ta tambaya babu ƙaƙƙautawa ko an motsa shi. A sabar da ba mai kallon allonta, cire wannan kaɗai yakan rage abin da baƙo ke ci, kuma idan baƙin sun kai goma ragin yana bayyana a mita. Haka nan katin sauti, faifan CD da sauran tarkacen da sabar ba ta buƙata. Katin sadarwa na kwaikwayo irin e1000 da faifai irin IDE suna jawo fita da shiga mai yawa. Direbobin virtio an yi su ne musamman domin baƙi, Linux na zuwa da su, na Windows kuma ana sauke su kyauta.

Na uku wata dabara ce ta KVM da kanta. Idan baƙo ya ce zai yi barci, mai masauki yakan ɗan tsaya a tsaye na ɗan lokaci, har zuwa kashi 200 cikin miliyan na daƙiƙa, ko da baƙon zai farka nan take. Wannan na ƙara sauri ga sabar mai cunkoso, amma ga baƙon da ke farkawa a kai a kai ba tare da aikin kirki ba, tsayuwar kan zama asara. Ana rage ta ko a kashe ta ta saitin halt_poll_ns, sannan a gwada a ga ko saurin aiki bai taɓu ba. Akwai kuma baƙin da ba su san barci ba sam, kamar DOS da Windows 98 da wasu ke riƙewa saboda wata tsohuwar manhajar lissafi, da Linux ɗin da aka sa wa saitin idle=poll. Irin waɗannan sai dai a ƙayyade musu iyakar abin da za su ci, ko a riƙa kashe su idan an tashi aiki. Manhajojin kvm_stat da perf a Linux, da esxtop a VMware, suna nuna yawan fitar da kowane baƙo ke yi da dalilinta, don haka ba sai an yi ta lalube ba.

Idan laifin mai masauki ne

A cikin kowace sabar akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke riƙe saitunan BIOS. A na'urar da ta shekara goma, batirin kan mutu ba a sani ba, sai ranar da wuta ta yanke gaba ɗaya saitunan su goge. A wasu na'urori wannan na kashe tallafin VT-x na Intel ko AMD-V. Baƙi sai su ƙi tashi, mai kula da su kuma, cikin matsin masu jiran aiki, ya cire alamar amfani da tallafin domin dai su kunnu. Za su kunnu, amma daga ranar manhaja ce za ta riƙa fassara kowane umarni ɗaya bayan ɗaya, furosesa ta yi ta ƙuna, aiki kuma ya yi ta jan ƙafa. Sabon batirin kwabo da minti biyar a cikin BIOS sun isa magani. A nan ne kuma ya kamata a duba tsarin wuta, domin sabar da aka saita a kan cikakken ƙarfi koyaushe ba ta barin furosesa ta yi barci mai nauyi.

Cunkoso ma na da nasa. Idan ma'adanar RAM ta kusa cika, Linux na da wani ma'aikaci mai suna ksmd da ke bin shafukan baƙi yana haɗe masu kama da juna domin samar da wuri. A Proxmox yakan soma ne idan RAM ta kai kashi 80 cikin 100, kuma binciken nasa furosesa yake ci. Idan ta cika sarai, na'urar ta koma juye bayanai a faifai, komai ya tsaya cik. Haka kuma bai wa ƙaramin baƙo ƙwayoyin aiki takwas alhali biyu sun ishe shi yana ninka agogunan da ke ƙwanƙwasa ƙofa, yana kuma sa sauran baƙi jiran layi. Linux na nuna wannan jira a gurbin st na manhajar top.

Sai zafi, wanda Yola ba ta da ƙarancinsa. A watannin Maris da Afrilu ma'auni kan haura digiri 40 a kwarin Binuwai, alhali ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗaki ta Amurka, ASHRAE, tana ba da shawarar iskar da ke shiga sabar ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Ƙurar hunturu kan toshe ƙofofin iska tun daga Disamba, bazara ta zo ta tarar da su a haka. Furosesar da ta yi zafi tana rage gudunta domin kare kanta, sai ƙaramin aiki ya bayyana kamar babba a allo, fankoki kuma su ƙure gudu suna shan tasu wutar. Kafin a zargi manhaja, yana da kyau a buɗe murfi a hure ƙura, a matsar da na'urar daga jikin bango.

Waɗanda aka manta da su

A 2015 masanin makamashi Jonathan Koomey na Jami'ar Stanford da abokin aikinsa Jon Taylor sun bincika dubban sabar, suka gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 suna kunne amma sun yi wata shida ko fiye ba su yi wa kowa aiki ba. Binciken da suka sake yi a 2017 ya nuna cewa baƙin kwamfutoci ma haka abin yake. Ƙirƙirar baƙo ba ta wuce minti kaɗan, shi ya sa ake yin na gwaji a manta, ko wanda ya gina shi ya bar aiki babu wanda ya san amfaninsa, kowa na tsoron kashewa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiye bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024, kuma wani ɓangare na wannan wuta irin waɗannan marayu ne suka sha.

Maganinsu rajista ce. Kowane baƙo a rubuta sunansa, aikinsa, mai shi da ranar da aka gina shi. Wanda ba a san mai shi ba a ɗauki kwafinsa a ajiye a wani faifai dabam, a kashe shi na wata guda, idan babu wanda ya yi cigiya a goge. Waɗanda ake buƙata da rana kawai a sa musu lokacin kwanciya da na tashi.

Sai dai gyaran sabar yana son natsuwa. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa kuskuren da aka samu wajen sabunta wasu sabar ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har sai da suka sake zana jarrabawar. Matsalar tasu dabam ce da wadda ake magana a kai, amma darasin ya shafi duk mai taɓa sabar. A ɗauki kwafi kafin a taɓa komai, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a auna kafin gyara da bayansa, a rubuta abin da aka yi, kuma kada a yi gwaji a daren jarrabawa ko ranar biyan albashi.

Cikin duk gyare-gyaren da aka lissafa, in ban da batirin kwabo da wataƙila ƙarin RAM, babu wanda ke buƙatar sayen kaya. Mai cibiyar da ke shirin ƙaro batira biyu ko babban janareta saboda wuta ba ta kai masa safiya zai iya fara tambayar mai kula da na'urarsa abu uku, wato baƙi nawa ne ke kunne, wane aiki kowannensu ke yi, kuma wat nawa sabar ke ja da ƙarfe biyu na dare. Idan babu amsa a rubuce, daga nan ya kamata a fara.